Rakiyar Katafilar Ciyaman

Ƙasar Kankara ba ta taɓa haifar mutum irin Alhaji Gide ba, kuma ina jin ko an roƙe ta ba za ta sake ba. Ni taubashiyarsa ce, uwata da ubansa ciki ɗaya suka fito, don haka in ban yabe shi ba ban san wanda zai ɗauki wannan wahala ba.

Girmansa ya samo asali ne daga wani faɗa da aka kayar da shi, shekarar da aka ɗauke mana fam da sule aka kawo naira da kwabo. Lokacin yana Malam Gide, dillalin auduga, dukiyarsa keke ɗaya da rediyo mai jakar fata. Ranar kasuwa ya jingina keken a layin 'yan awo, ya tara mutane yana yi musu bayanin sabon kuɗi. Wai naira ta fi dalar Amurka ƙarfi, wai a Landan in aka gan ta har tashi ake yi tsaye, wai duk Kankara babu wanda ya san kasuwar duniya sai shi.

Hajiya Dada mai awon gero tana zaune bayan tulin hatsinta tana korar kaji. Mace ce da ba ta iya jin ƙarya ta bar ta ta wuce gida lafiya.

"Wace duniya, Malam Gide?" in ji ta. "Kekenka da ya wuce Funtuwa zazzaɓi shike kamawa. Ni gerona har Agadas ake tuƙa shi."

Ya ce shi ba ya jayayya da mai tiya. Sai ta kwance bakin zane, ta fiddo wani ɗan farin ƙarfe ta miƙa masa. "To masanin duniya, mi ne wanga?"

Ya karɓa, ya juya gaba, ya juya baya, ya ɗaga shi sama ya duba da hasken rana. Can ya yi gyaran murya ya ce kuɗin Makka ne. Ya sumbace shi, ya ɗora a goshi, har ya fara salati. Ashe sefa ce ta Nijar, wani Buzu mai raƙumi ya bar mata da safen nan. Dariyar da aka yi ranar har mahauta sai da suka bar nama suka zo kallo. Malam Gide ya hau keke bai ko ɗaure bakin wando ba, sarƙa ta cinye masa ƙafar wandon, ya tafi yana rantsuwa sai ya kawo kuɗin ƙasashen waje Kankara, irin wanda ba a ƙulle shi a bakin zane.

Allah kuwa ya ji shi, don ba a jima ba kuɗin fetur suka fashe. Wanda bai ga wannan zamani ba bai ga hauka mai tsabta ba. Malamin firamare ya karɓi Udoji, ƙarin albashin nan na gwamnati, ya sayi firij a garin da babu lantarki, yana ajiye takalma a ciki. Shinkafar gwamnati ta zo a buhu da rubutun da ko liman bai iya karantawa ba. Aka ce jiragen siminti sun yi layi a tekun Ikko har wasu sun daskare a tsaye. Malam Gide ya samu kwangilar kwalbati, ya gina ta inda ruwa bai taɓa bi ba, ya sayi fijo, ya hau jirgi ya tafi Makka. Ya dawo Alhaji, da haƙorin zinariya, kuma a karon farko ya san kamannin kuɗin Makka na gaskiya.

Sai gwamnati ta yi doka, wai duk baƙon da zai kawo jari ƙasar nan dole ya samu ɗan ƙasa su yi tarayya, sunan ɗan ƙasa a sama. Turawa suka bazu neman masu suna. Wanda ya faɗo Kankara wani ne gajere mai jan wuya, kullum da lofe a baki ko da wuta ko babu, don haka muka sa masa Mai Lofe. Farar ƙasa ya zo nema, wannan dai da muke shafe ɗaki da ita, almajirai su goge allo. Ya ce a garinsu da ita ake yin tangaran. Ya ce wani banki a Landan ya ba shi jari, abin da ya rage masa mutum mai daraja wanda ba ya yawan tambaya. Kowa ya nuna masa gidan Alhaji Gide. A nan kam Kankara ba ta yi ƙarya ba.

Ran nan aka wayi gari taubashina ya zama Ciyaman. Aka ba shi tebur, da kujera mai juyawa, da hatimi. Hatimin nan babu abin da bai sha ba: takardar kamfani, ƙofar shago, gindin ƙwarya, har wani jaki da ya tsaya kusa. Ya rataye agogon bango biyu, ɗaya na Kankara ɗaya na Landan, ya ce shi yanzu da na Landan yake aiki tunda can jarinsa yake kwana. Jumma'ar farko ya iso masallaci ana fitowa. Ya tsaya yana karɓar gaisuwa a bakin ƙofa, ya ce liman ne ya yi gaggawa.

Saura wurin haƙa. Mai Lofe ya zagaya da sandarsa ta ƙarfe yana soka ƙasa, bai ga inda ya yi masa ba sai gonar gandunsu Alhaji da ke Mabai. Gonar nan ubansu ya bari, ita ke ciyar da gidan gaba ɗaya, mata da 'ya'ya da jikoki da tsofaffin da ba a san ta inda aka haɗa dangi da su ba. Tun kakansu ba a taɓa ganin ɗan gidan a layin 'yan awo da buhu a hannu ba, kuma da wannan suke taƙama fiye da komai. Mai riƙe da gandun yayansa ne, Malam Barau, dogon mutum mai ƙarancin magana, wanda in ya ce "to" sau biyu a yini an yi hira.

Malam Barau ya saurari bayanin tangaran har ƙarshe, sannan ya kafa sharaɗi ɗaya. A haƙa da rani. A ture baƙar ƙasar sama gefe guda, wadda shanun Fulani suka shekara da shekaru suna takawa suna bar wa taki. Kafin ruwan shuka, katafilar da ta ture ta ta mayar da ita inda ta same ta. Mai Lofe ya gyaɗa kai. Ciyaman ya buga hatimi a iska don ƙarin ƙarfi.

Katafila ta iso a bayan wata doguwar mota, rawaya, sabuwa fil, tana ƙara kamar ta ci mutum. Mabai ta fito ƙwanta da kwarkwatarta. Wata tsohuwa ta watsa mata gero don kada ta yi fushi.

Daga nan Ciyaman ya ga ilimin da ke cikinsa ya fi ƙarfin Kankara, sai ya fara fita da shi wa'azi. Ya je Daudawa ya faɗa wa manoman auduga cewa zamanin fartanya ya wuce. Ya je Faskari ranar kasuwa, ya hau bayan fijo, ya gyara babbar riga.

"Jama'a, ku buɗe kunnuwanku, ba kullum kuke samun irina ba. Duniya yanzu ta zama kasuwa ɗaya. Kuɗi ba su da gari. Yau suna Landan, gobe suna Jamus, jibi ga su Mabai. Kamar garken shanu suke, inda ciyawa take can suke nufa. Su kwana a gonarka, su bar maka taki, ka wayi gari attajiri. Ni nan da kuke gani, an haɗa ni da bankunan duniya. In na yi atishawa a Kankara, sai an ce yarhamukallahu a Landan."

Wani tsohon Bafulatani da ke jingine da sanda ya ce, "Alhaji, to in ciyawar ta ƙare fa?"

Ciyaman ya dubi agogon hannunsa, ya ce a rufe taro da addu'a.

Babban karatun da ya fi ji da shi kuwa shi ne cewa jari baƙo ne. Mai Lofe a soron baƙi na gidansa ya sauka, kuma Ciyaman ya riƙe shi yadda iyayenmu suka koya mana riƙon baƙo, har ya zarce su. Baƙo ba a tambayarsa yaushe za shi. Ba a leƙa jakarsa. Ba a sa shi aiki. In ya yi ba daidai ba sai a kau da kai a ce hanya ce ta gajiyar da shi. Kaji kuwa an yanka su har asuba ta rasa mai cara a Kankara. Duk ƙarshen wata Mai Lofe ya shiga Kaduna ya aika da riba garinsu, Ciyaman ya buga hatimi yana murmushi. In an tambaye shi nasa rabon, sai ya ce ai kuɗin sun tafi gaida iyayensu ne, kuma yaro mai tarbiyya ba a hana shi zumunci.

Ba za a ce bai samu komai ba, kada in zalunce shi. Wata rana Mai Lofe ya dawo daga Ikko da akwatin kofunan shayi na tangaran, farare masu bakin zinariya, ya sayar wa Ciyaman a farashin abota, wato kuɗin bijimi. Ciyaman ya kira dangi aka zauna a tabarma. Ya ɗaga kofi ɗaya sama kamar jariri ranar suna.

"Yaya, dubi gonarmu. Ta tahi Turai ta yi ilimi ta dawo."

Malam Barau ya karɓi kofin, ya leƙa cikinsa, ya ce, "To." Ya ƙara leƙawa. "Dawa nawa take bayarwa?"

Ranin farko gefen gonar aka taɓa, wajen ƙayoyi, aka yi shuka a sauran, aka ci tuwo. Rani na biyu farar ƙasar gefe ta ƙare, katafila ta shiga tsakiya. Ta ture baƙar ƙasar ta tara ta wuri ɗaya kamar dutsen Faskari, ta yi ramuka waɗanda in raƙumi ya faɗa sai dai a ji labarinsa. Motoci suna ta jidar gonar suna yin kudu da ita. Malam Barau kullum da yamma sai ya je ya zauna gindin tulin baƙar ƙasar, ya dubi gabas, ya dawo.

Ana cikin haka sai iskar duniya ta juya. Aka ce fetur ya yi kwantai a kasuwa, gwamnati ta fara ɗaure bakin aljihu, kuma za ta tsananta wa masu fitar da kuɗi waje. Mu mun ji a rediyo mun ci gaba da daka. Mai Lofe ya ji a tasa rediyon da yarensu, lofen ya mutu a bakinsa bai sani ba. Kwana kaɗan ya sanar cewa katafila ba ta da lafiya, ciwon kuma na ciki ne, sai an kai ta asibitin injuna a Ikko. Shi ma zai bi ta don jinya. Da ya tashi haɗa kaya, har labulen soron ya naɗe.

Lokacin bazara ta kai wuya. Zafi ya yi zafi, gabas ta fara haɗa baƙin rai, shamuwa ta sauka a kan kukar Mabai. Ranar tafiya da hantsi Malam Barau ya zo Kankara da ƙafa, ya sami ƙanensa ana naɗa masa rawani. Ranar ya yi maganar da ta fi ta shekara guda tsawo.

"Alhaji, mara lafiyar nan jiya na gan ta ta hau mota da ƙafarta. A sauke ta ta yi mana yini ɗaya. Ta mayar da ƙasar nan, sannan ta tahi duk inda za ta. In ruwa ya sauka a haka, bana ba mu da gona. In kai kana jin nauyi, ni bari in faɗa mashi."

Ciyaman ya riƙe baki. Ya sallami mai naɗin rawani don kada bare ya ji abin kunya.

"Haba Yaya! Mutum ya kwana biyu gidanka, ya ɗaura kaya za shi, sai ka miƙa mashi tsintsiya ka ce ya share ɗakin da ya kwana? A gidan wa aka taɓa yin haka? So kake a tahi da mu Landan a baki, a ce mutanen Kankara ba su san baƙo ba? Jari kunya gare shi, Yaya. In ka nuna kana zarginsa, ba ya sake taka ƙofarka. In ka sake shi da fara'a, da ƙannensa zai dawo. Katafila ɗaya ta tahi, uku za su zo. Ka bar mani harkar duniya, kai ka riƙe ta fartanya."

Malam Barau ya ce, "To." Sau ɗaya tak.

Rakiya kuwa an yi ta, irin wadda ko amarya 'yar gata ba ta samu ba. Fijo a gaba, Ciyaman a ciki da Mai Lofe. Bayansu a-kori-kura cike da makaɗa da maroƙa. Bayan su doguwar mota ɗauke da mara lafiya, an ɗaure mata rago a jikin haƙoranta, guzurin baƙo, ga tulun zuma, ga kilishi, ga ƙwaryar ƙwai a kujerar direba. Mai Lofe ya ce ba ya son babbar hanya saboda masu yawan tambaya, Ciyaman ya ce ai shi ya san ta bayan gida. Da kansa ya nuna hanya. Aka bi ta Faskari ana kiɗa, aka ratsa ƙauyuka yara na bin ƙura, maroƙa na kirari: Gide ƙofar Landan, Gide mai agogo biyu.

A Sabuwa wani ɗan sanda ya tare hanya da gora, ya ce yana son ganin takardun injin da na kayan da ke cikin akwatuna. Kai, ɗan mutane bai san wanda ya tara ba. Ciyaman ya fito da rawani da hatimi.

"Yaro, ɗan wane gida ne kai? Baƙona ne wanga. Jakar baƙona za ka buɗe ina tsaye? Ka san ko ni wane ne? Ni ne mai kamfanin, sunana ne a sama. Ɗage itacen nan kafin in yi waya Kaduna."

Ɗan sanda ya ga rawani, ya ga Bature, ya ga makaɗa, ya ɗage gora har da sarawa. A bakin dajin da ya nufi Birnin Gwari aka yi sallama. Mai Lofe ya rungume Ciyaman, idonsa ya yi ja don tausayi ko don dariya, Allah ne masani, ya cire lofen bakinsa ya ba shi kyauta. Ciyaman ya tsaya yana ɗaga hannu har ƙura ta kwanta. Ya juyo ya ce wa maroƙa su shaida, yau Kankara ta fita kunyar duniya.

Kafin su iso gida hadari ya riga su.

Ruwan shekarar nan kamar da gayya aka aiko shi. Ramukan suka cika suka haɗe, gonar gandu ta zama tafki fari kamar kunun gyaɗa. Tulin baƙar ƙasar ya narke ya bi rafi, takin kaka da kakanni ya tafi ya gyara gonakin mutanen da ko gaisuwa ba ma yi da su. Kwaɗi suka tare. Da yamma in suka fara, har Kankara ana jin su. Ciyaman ya je ya duba, lofe a baki babu taba, ya ce wannan ai ci gaba ne, ko Landan a bakin ruwa take. Ya ce katafila tana samun sauƙi, an ce har ta fara cin abinci. Agogon Landan ya tsaya, bai sa masa batir ba, ya ce jira yake a aiko da na asali.

Malam Barau ya samu aron wata 'yar fako ya yafa iri, abin da ta bayar bai kai a kira shi girbi ba. Rumbunan gidan suka riƙe su iya ƙarfinsu, aka buɗe na ƙarshe, aka share gindinsa. Da shekara ta zagayo marka ta sake tsayawa, matan gida suka kife tukwane suka zuba wa maigida ido. Sai Malam Barau ya ɗauko buhu wanda babu komai ciki, ya ninke shi da kyau, ya taka har ofishin Ciyaman, ya ajiye masa a kan tebur kusa da hatimi. Bai ce ko "to" ba.

Haka aka ga abin da ba a taɓa gani ba. Ranar kasuwa fijo ta tsaya a layin 'yan awo, Ciyaman ya fito da babbar riga, buhu a hamata kamar jarida. A irin wannan lokaci gero ya ɓuya, duk layin mutum ɗaya ke da na kirki. Kun san ko wace ce.

"Maraba da ƙofar Landan!" in ji Hajiya Dada, da muryar da ta tabbatar mahauta sun ji. "A shimfiɗa wa Ciyaman buhu. Au, ashe ya zo da nashi. Ina mara lafiya? Ta fara takawa?"

Ya ce geron na gwaji ne, za a aika da shi waje a duba.

"A duba shi a tukunyar gidan Malam Barau dai. Alhaji, ni fa tausayinka nike ji. Ni ma bara an yi mani ta'asa, ɓarawo ya kwance mani akuya. Amma shi ɗan halas ne, ya bar mani turken, ya bar mani ƙasar da turken ke ciki. Naka fa? Ya ci kajinka, ya kwashe gonar ubanka a mota, ya sayar maka da ita a kofi, kai kuma ka ɗauko makaɗa ka nuna mashi hanya. Har da rago!"

Kasuwa ta taru kamar wancan karon, har da waɗanda aka haifa bayan sefa. Kowa na jira ya ga ko zai sake barin ƙafar wando. Amma taubashina ya girma. Ya cire lofe daga baki a hankali, ya ƙwanƙwasa shi a tafin hannu yadda ya ga mai shi yana yi, ya dubi Hajiya Dada daga sama har ƙasa.

"Hajiya, ɓarawon akuyar taki, a mi ya zo?"

"A ƙasa mana, ta bayan danga."

"To kin ji bambancinmu. Nawa a jirgin sama ya zo. Tun daga Landan ya taso, ya tsallake Ikko, ya tsallake Kaduna, ya tsallake Zariya da duk attajiranta, ya tsallake ki ke da tiyarki, duk ƙasar nan bai ga wanda ya isa a cuta ba sai ni. Auna mani gero, kuma ki cika tiyar."